Rigar da Ke Ƙirga Magana

"Wannan cokali ne," in ji Malam Bincike, ya ɗaga shi sama kamar mai gwanjo. "Co-ka-li. Da ƙarfe aka yi shi. Shi kuwa ƙarfe haƙo shi ake yi daga ƙarƙashin ƙasa, a narka shi a wuta mai tsananin zafi, sannan a ƙera shi."

Manaja, ɗansa mai shekara uku, ya dubi cokalin, ya dubi ubansa, ya miƙa yatsa ya nuna kofin shayi.

"Shayi yake so," in ji maman yaron daga ƙofar kicin.

"Na gani. Bari in gama masa bayanin cokalin tukuna."

Tun da sassafe Manaja ke sanye da wata 'yar riga shuɗiya marar hannu, mai aljihu a ƙirji. A cikin aljihun akwai wata na'ura da ba ta fi kwalin ashana girma ba. Wata malama ce daga jami'a ta kawo ta. Bincike suke yi kan yadda yara ke koyon magana, kuma na'urar za ta yini tana sauraren abin da ya shiga kunnen yaron da abin da ya fita daga bakinsa. Malamar ta ce da yamma za ta dawo ta karɓa. Abu ɗaya ta roƙa, ta kuma nanata: su yi zamansu kamar kullum. Malam Bincike ya ce ai wannan ba matsala ba ce, sannan ya kira ofis ya ɗauki hutu, ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta zuwa taro.

Tallan inshora yake yi, baki ne jarinsa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, don ko ruwa zai sha sai ya ce bincike ya nuna. Tun matarsa na da ciki yake karanta duk abin da masana suka rubuta kan yara, har wayarsa ta cika da su. Ya san watan da ya kamata yaro ya zauna, ya san watan rarrafe, ya san na tafiya. Yaron kuwa bai ba shi kunya ba, duk ya yi su a kan lokaci. Da aka zo kan magana sai ya taka birki. Yatsa kawai yake aiki da shi. Shi ya sa kakarsa, wato Hajiya, mahaifiyar Malam Bincike da ke zaune tare da su, ta sa masa Manaja: ya nuna, a kawo, ba ya ɓata bakinsa.

Da farko abin dariya ne. Yanzu babu mai dariya. Likita ya duba kunnuwansa ya ce ras suke. Makarantar da suka kai shi ta ce a dawo da shi in ya fara magana. Yayar maman yaron ta zo gaisuwa, ta daɗe tana kallon yaron, ta ce su dai a danginsu ba a taɓa yin bebe ba. Malam Bincike tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke hana abinci wucewa. Mutumin da ya taɓa sayar wa mai keke inshorar mota bai taɓa jin ɗansa ya ce masa Baba ba. Ya karanta cewa yaran da ba a yawan yi musu magana sukan makara. In na'ura ta ce gidan ne, ya sha kunya. In ta ce ba gidan ba ne, to yaron ne ke nan, wannan kuwa ko tunaninsa ba ya son yi.

Don haka malamar na fita ya kafa dokoki. Babu talabijin. Babu tsaki. Babu "kai, sauka daga nan!" Duk wanda zai yi magana ya yi ta cikakkiya, da ladabi, da kalmomi masu nauyi.

"Kuma keken ɗinkin nan yau ya huta," ya ce wa matarsa. "Ƙararsa za ta danne mana kalmomi."

"Baban Manaja, kayan mutane ne a hannuna. Gobe matar za ta zo karɓa."

"Kaya ko ɗanki?"

Ta buɗe baki, ta dubi aljihun yaron, ta haɗiye abin da ya taso mata. Da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo ta ce, "To, ranka ya daɗe. Na gode da wannan shawara mai ma'ana."

"Madalla. Kin ga haka ake so."

Kallon da ta yi masa kuwa, Allah ya so na'urar ba ta ɗaukar hoto.

Hajiya kuwa tun da ta ji cewa abin cikin aljihun yana ji, ta kama bakinta. Ta ja ɗanta gefe, can bayan firji, ta yi masa raɗa.

"Kai yanzu da hankalinka ka ɗauko ɗan leƙen asiri ka rataya wa jikana a wuya?"

"Hajiya, ilimi ne. Bincike ya nuna..."

"Ya nuna maka kai. Ni ba da ni ba. Haka kawai a kwashi maganata a kai wa mutanen da ban san iyayensu ba?"

Daga nan ba a sake jin muryarta ba. In tana son ruwa sai ta nuna da yatsa. Gida ya zama mai manaja biyu.

Nauyi ya koma kan Malam Bincike, shi kuwa bai ga nauyi ba. Ya gama da cokali ya shiga kofi. Ya gama da kofi ya shiga burodi, tun daga gonar alkama har gidan gashi. Ya ɗauki yaron ya zagaya da shi gidan kamar baƙon da ya zo duba haya: wannan fanka ce, wannan labule ne, wannan makunnin wuta ne, kada ka taɓa, amma bari in faɗa maka yadda lantarki ke tafiya a cikin waya. Duk sa'ad da zai faɗi wata kalma mai tsada sai ya ɗan sunkuya wajen aljihun, don kada ta zube a hanya.

Manaja ya jure. Yaro ne mai haƙuri, a uwarsa ya gado. Wani lokaci yakan ja numfashi, leɓensa ya motsa, sai uban ya yi wuf.

"Ruwa? Ruwa kake so? Ko fitsari? Ko motarka? Mo-ta. Ka ga mota tana da taya huɗu."

Sai yaron ya mai da numfashinsa ciki, ya nuna motar, a miƙo masa.

Kafin azahar kayan gidan da zai yi bayaninsu sun ƙare. Malam Bincike ya ɗauko jaridar makon jiya ya karanta wa ɗansa sharhi kan farashin siminti. Ya karanta masa takardar da ke cikin kwalin maganin sauro, har da gargaɗin. Da abinci ya sauka ya gayyaci matarsa su yi hira irin ta ma'aurata masu fahimtar juna, don na'ura ta ji yadda ake zaune.

"Maman Manaja, mene ne ra'ayinki game da yanayin zafin bana?"

"Akwai zafi."

"Ki faɗaɗa mana."

"Akwai zafi ƙwarai da gaske, ranka ya daɗe, musamman ga mai ɗinkin da aka hana ɗinki."

Hajiya ta ƙware da ruwa. Ko tarin ma a hankali ta yi shi, ta toshe baki da gefen mayafi.

Bayan cin abinci muryar Malam Bincike ta fara ba shi kunya. Ta dishe, ta koma kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ya sha ruwan ɗumi, ya yi kurkura da gishiri, a banza. Ya ga in bai yi dabara ba sauran yinin zai tafi a asara, sai ya zura silifas zai je kemis ya sayo alewar maƙogwaro.

"Ki ci gaba daga inda na tsaya," ya ce wa matarsa da 'yar muryar da ta rage. "Muna kan dabbobin ruwa. Kada ki bar gurbi."

"In sha Allahu."

Ƙofa na rufuwa ta ruga ɗakin ɗinki, ta turo ƙyaure, ta hau keke kamar wadda aka sako daga kurkuku. Hajiya ta miƙe a doguwar kujera, barci ya ɗauke ta. Kemis ɗin kusa a rufe yake, na gaba kuwa akwai layi, kuma a layin Malam Bincike ya haɗu da wani mai sabuwar mota da ba shi da inshora. Ko da dishewar murya ba a barin irin wannan. Ya daɗe bai dawo ba.

Da ya dawo ya tarar da Manaja zaune a bakin ƙofa a tsakiyar takalman gidan, shiru kamar kullum. Ya tsallake shi, ya tsawata wa matarsa cikin ladabi, ya jefa alewa a baki, ya ɗora daga kifin teku.

Da la'asar sakaliya malamar ta dawo. Yarinya ce siririya mai tabarau, da jakar kwamfuta a kafaɗa, da alamar ta gaji da shiga gidajen mutane. Ta cire wa Manaja rigar, ta jona na'urar a kwamfuta a kan teburin falo. Ta ce ba a saba nuna wa iyaye sakamako nan take ba, amma tunda Malam ya kira ta har sau da dama a kan haka, za ta nuna musu abin da ya fito. Ta ƙara da cewa ita ba likita ba ce, kuma yini ɗaya ba ya yanke hukunci.

"Ki fara sauraren wajen lantarki," in ji Malam Bincike. "Na yi bayani mai kyau a wurin."

"Ai na'urar ba ta san abin da ake faɗa ba, Malam. Ƙirga kawai take yi. Ta san muryar babba, ta san ta yaro, shi ke nan."

"Wato da na ce cokali da na ce ma'adini duk ɗaya ne a wurinta?"

"Duk ɗaya."

"Au!" in ji Hajiya, karo na farko tun safe. "Ashe wawiya ce? Ni na yini da ƙishirwar magana saboda wawiya?"

Zane ya bayyana a fuskar kwamfutar. Malamar ta nuna wani shuɗin layi da ya tashi tun daga safe ya manne a sama, bai sauko ba. Ta ce wannan maganar manya ce. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake dubawa.

"Gaskiya tun da muka fara aikin nan ban taɓa ganin gidan da ya kai haka ba. Mutum nawa ne suka yi wannan?"

"Ni kaɗai ne," in ji Malam Bincike, ya gyara wuyan rigarsa, ya waiwayi matarsa don ta shaida.

"Sannu da ƙoƙari. To wannan jan kuma muryar yaro ce."

Jan layin yana kwance a ƙasa. Nan da can yakan ɗan ɗago kai, sai shuɗin ya faɗo masa. Malamar ta ce abin da suka fi dubawa shi ne musaya: yaro ya yi sauti, babba ya amsa, ya dakata, yaro ya sake. Ta gungura zanen tana neman musayar. Ta gungura har ƙarshe, ta koma farko. Ba ta samu ba.

Malam Bincike ya yi lissafinsa. Gida dai ya fita daga zargi, tunda ga magana har ta yi yawa. Saura yaron ke nan. Ya dubi Manaja da ke tura motarsa a ƙarƙashin teburi.

"Wannan fa?" in ji maman yaron. Ta sa yatsa a wani wuri bayan azahar, inda shuɗin ya faɗi ƙasa warwas, jan kuma ya miƙe tsaye ya daɗe a sama.

"Lokacin da na fita ne," in ji Malam Bincike. Ya harari matarsa. "Kin ga gurbin da kika bari ko? Kuka ya yi ta yi."

"Ba kuka ba ne," in ji malamar. "Kuka launinsa daban. Ta naɗi sautin, in kun yarda sai in kunna mu ji."

Suka yarda. Ta danna.

Da farko ƙarar keken ɗinki ce daga nesa, sai minsharin Hajiya, wanda ta ce sam ba nata ba ne. Sai ƙwas, ƙwas, ana jera wani abu a kan siminti. Sai wata 'yar murya, siririya, tsaf da ita, ta yi gyaran murya.

"To. Ku zauna. Kai, zauna nan. Ke ma."

Maman yaron ta dafe ƙirji.

"Wannan mota ce," in ji muryar. "Mo-ta. Tana da taya. Taya baƙi ne. Kai, babban takalmi, dakata, ban gama ba. Mota tana shan mai. Ba ta shan shayi. Bincike ya nuna."

"La ilaha illallahu!" in ji Hajiya. "Takalma yake wa wa'azi!"

Muryar ta ci gaba. Ta yi wa takalman bayanin fanka, ta yi musu na kifi, ta tambayi silifas ɗin Hajiya ko ruwa yake so, ko fitsari, ta kuma amsa masa da kanta kafin ya samu zarafi. Sai aka ji ƙarar makulli a ƙofa. Muryar ta ɗauke ɗif, kamar an kashe rediyo. Bayanta wata disasshiyar murya ta shigo tana cewa muna kan dabbobin ruwa.

Malamar ta tsayar. Maman yaron tana kuka tana dariya, ta durƙusa ta jawo ɗanta daga ƙarƙashin teburi ta rungume shi, shi kuwa yana ta miƙa hannu wajen motarsa. Hajiya ta ce maza a kira yayar nan a waya, ta zo ta ji beben danginsu. Malam Bincike kuwa ya tsaya yana kallon ɗansa. Ya ji daɗi ƙwarai, ya kuma ji kunyar da bai taɓa ji ba a rayuwarsa. Ɗansa yana da baki. Yana da baki cike da magana, kuma ya zaɓi ya kai wa takalma.

"Malama," ya ce da ƙyar, "me bincike ya ce a yi?"

Ta naɗe wayar na'urar a hannunta. "Ku dai koma wurin likitansa da wannan. A gida kuwa, in ya ja numfashi, a jira shi."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Har ya yi magana, Malam."

Ya so ya tambayi sunan masanin da ya gano haka, amma ta riga ta rataya jakarta.

Bayan ta tafi, maman yaron ta koma kan kekenta ba tare da neman izinin kowa ba, Hajiya ta kama waya tana rama maganar da ta yi asara. Manaja ya sulale ya koma bakin ƙofa. Malam Bincike ya bi shi a hankali, ya naɗe ƙafar wandonsa na zuwa taro, ya zauna a ƙasa kusa da takalman. Ya kama bakinsa.

Wallahi bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Kalmomi suka taru masa a baki kamar fasinjoji a ƙofar bas. Ya ga igiyar takalmi, ya tuna bai yi bayanin igiya ba. Ya cije leɓe. Yaron ya dube shi da mamaki, ya jira a fara, ba a fara ba. Ya sake jira. Can sai ya ɗauki babban takalmin ubansa na ofis ya ajiye, ya ɗauki na uwarsa ya ajiye a gefensa, ya jera silifas ɗin Hajiya. Ya matsar da guda ɗaya, ya bar wani ɗan fili a layin daidai inda uban yake zaune. Ya tsaya a gabansu, hannu a baya. Ya ja numfashi.

"To," in ji Manaja.

"Allahu akbar! Ya ce to! Maman Manaja, fito ki ji! Yawwa ɗana, ci gaba, ka ce Baba, Ba-ba, ka ga leɓe biyu ake haɗawa, dubi bakina..."

Yaron ya dube shi, irin kallon da manaja ke yi wa ma'aikacin da ba ya jin gyara. Ya sunkuya ya kwashi takalman, ya tara su a ƙirji har suna zubewa, ya koma ya ɗauki wanda ya faɗi. Ya shiga ɗakin barci da su, ya tura ƙofa da ƙafa.

Malam Bincike ya miƙe ya bi shi, ya kama mariƙin ƙofar. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, daga ciki, sannan 'yar muryar nan ta yi gyaran murya. Ya daɗe riƙe da mariƙin. Daga baya ya sake shi, ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina kunnensa da katakon, ya sa tafin hannu ya toshe bakinsa.

A ciki ana yi wa takalminsa bayanin cokali.